Kashin jinin da ya ƙi jin maganin atuni: yadda ake gano kumburin babban hanji mai gyambo da sanin matakinsa

Tambaya ɗaya ce ke ta dawowa daga majinyata da masu jinya, har da ma'aikatan ƙananan asibitoci: mutum ya yi wata biyu ko uku yana kashin jini da majina, ya sha Flagyl ya sake sha, an ce atuni ne, an ce basir ne, an ce ɗan kanoma ne, abin ya lafa ya dawo. Daga nan ina aka nufa? Ɗaya daga cikin cututtukan da ke yin haka shi ne kumburin babban hanji mai gyambo, wanda likitoci ke kira alsaretif kolaitis. Ba olsar nan ta tumbi ba ce da aka saba ji, kuma maganin waccan ba ya yi mata komai. Garkuwar jiki ce ke far wa fatar cikin babban hanji, ta kumbura, ta yi gyambo, tana zubar da jini. Kumburin yana somawa daga dubura ya hau sama a jere, kamar wutar da ta kama daga bakin gona tana ci gaba ba ta tsallake kunya. Ba a ɗaukarsa daga wani, kuma yakan zauna da mutum tsawon rai, yana tashi yana kwanciya.

Babu gwaji guda da ke cewa ga shi. Ana haɗa labarin ciwon, gwajin bayan gida, gwajin jini, leƙen hanji da na'ura, da binciken tsokar da aka gutsuro. A Sakkwato jerin da aka bi wajen yin waɗannan ya fi kowannensu muhimmanci, domin atuni ya fi wannan ciwo yawa nesa ba kusa ba, kuma maganin da ke kwantar da ɗaya yana iya fasa hanjin mai ɗayan.

1. Rubuta labarin ciwon kafin a je asibiti

A samu takarda a yi kwana bakwai ana rubuta abu huɗu kullum: sau nawa aka zaga da rana, sau nawa aka tashi cikin dare domin zagawa, ko akwai jini, da ko an iya riƙewa har a kai makewayi. A ƙirga har fitar da ba ta kawo komai ba sai jini da majina, domin ita ma tana cikin lissafin da likita zai yi amfani da shi a mataki na bakwai. Mutane da yawa ba sa ƙirga ta, sai a ɗauki ciwo mai tsanani a matsayin mai sauƙi.

Alamun da ke karkata zuwa ga wannan ciwo su ne jini gauraye da bayan gida, majina, matsuwa ta gaggawa, yawan yunƙuri bayan an gama kamar da saura, murɗawar ciki ta gefen hagu, da tashin dare. Atunin ƙwayoyin cuta yawanci yana wucewa cikin mako ɗaya zuwa biyu. Abin da ya haura mako huɗu zuwa shida, ko ya tafi ya dawo sau da yawa, ya fita daga sahun atuni na yau da kullum. Ya fi bayyana tsakanin shekara 15 zuwa 30, sannan akwai wasu da yake fara musu bayan shekara 50.

A rubuta kuma duk maganin da aka sha cikin wata uku, na kemis da na gargajiya. Uku sun fi muhimmanci: magungunan ciwon jiki irin su diklofenak da ibuburofen, waɗanda ke tayar da kumburin hanji, magungunan kashe ƙwayoyin cuta, da ƙwayoyin ƙiba ko na ciwon gaɓɓai da ke ɗauke da deksametason ko firednisolon, magungunan kwantar da kumburi masu rage garkuwar jiki. Idan mutum ya daina shan taba kwanan baya, ya faɗa, domin ciwon yakan bayyana bayan barin taba. Haka ciwon gwiwa ko ƙugu, jan ido mai zafi, ƙulluwa ja mai ciwo a ƙwauri, ƙaiƙayin jiki ko shawara, duk suna tafiya da shi a wasu mutane.

Gargaɗi: wanda ya tarar yana kashin jini sau shida ko fiye a rana, ga zazzaɓi ko bugun zuciya ko jiri, kada ya tsaya cika kwana bakwai. Ya tafi sashen gaggawa a ranar.

2. Bari likita ya duba, har da dubura

Za a auna zafin jiki, bugun jini a minti, hawan jini da nauyi, a duba ido da tafin hannu domin ƙarancin jini, a lallatsa ciki. Sai gwajin yatsa ta dubura, wanda ba ya ɗaukar minti biyu kuma shi aka fi tsallakewa saboda kunya. Mace na da damar neman a samo mata likita mace, ko ma'aikaciyar jinya ta tsaya a wurin. Abin da bai kamata ba shi ne a bar shi gaba ɗaya, domin a Najeriya ana ganin dajin dubura ga mutanen da ba su kai 50 ba, kuma da yawansa yatsa na iya taɓa shi.

Jinin basir ja ne wur, yana ɗiga bayan an gama ko ya ɓata bayan kashin, ba tare da gudawa ko tashin dare ba. Amma ganin basir bai rufe magana ba. Mutum na iya samun basir kuma yana da kumburin hanji a samansa, yawan yunƙurin ma shi ke fito da basir ɗin. Idan likita ya ga ƙurji mai ruwa ko ƙofar da ke tsiyayar mugunya a gefen dubura, hankalinsa zai koma kan cutar Kuron, 'yar'uwar wannan ciwo.

3. Gwajin bayan gida: nan ake yawan ɓata aikin

Wannan shi ne mafi arha a cikin gwaje-gwajen, kuma shi ne wanda aka fi yi ba daidai ba. Ƙa'idojinsa:

A karɓi roba mai murfi daga ɗakin gwaji, kada a yi amfani da kwalin ashana ko leda. Kada kashin ya haɗu da fitsari, ruwa ko ƙasa. A ɗebi wurin da jini da majina suka fi yawa, kamar cikin ƙaramin cokali. A miƙa shi cikin rabin awa, in ya daɗe awa ɗaya, domin ƙwayar amiba mai rai, wadda ke kawo wani nau'in atuni, tana daina motsi ta lalace da zarar kashin ya huce ko ya bushe. Wanda ya taso daga Illela, Isa, Tambuwal ko Sabon Birni kada ya ɗauko daga gida cikin zafin mota. Ya bari sai ya iso asibiti. A yi sau uku a ranaku daban-daban, domin gwaji ɗaya yakan kuskure. Kuma a yi kafin a fara wani sabon magani.

Abin da ake nema: amiba, ƙwan tsutsotsi, da ƙwan tsargiyar hanji ga masunta da manoman fadama da ke shiga ruwan Rima ko na madatsar Goronyo. Sai shukar kashi domin ƙwayoyin Shigela, Salmonela da Kamfilobakta, wadda ke ɗaukar kwana biyu zuwa uku. Wanda ya sha maganin kashe ƙwayoyin cuta ko ya kwanta asibiti kwanan nan, a nema masa gwajin gubar Kulostiridiyam difisil, ƙwayar cutar da kan kawo gudawa bayan shan irin waɗannan magunguna, idan ana yi.

Akwai tarko a karatun sakamakon. Takarda na iya cewa an ga ƙwan amiba, sai kowa ya huta. To, akwai wata amiba marar cutarwa mai suna Entamiba disfa wadda a madubin gwaji ba a bambance ƙwanta da na mai cutarwa, kuma lafiyayyu da yawa na ɗauke da ita. Shaida mai ƙarfi ita ce a ga amiba mai motsi da jajayen ƙwayoyin jini a cikinta. Idan an ga wannan, a yi maganin yadda ya kamata: metironidazol, wato Flagyl, na kwana bakwai zuwa goma bisa awon likita, a biyo da maganin da ke share ragowar cikin hanji, irin su dailoksanaid ko faromomaisin. Wannan na biyun ne ake yawan bari, shi ya sa atunin gaske ma yake dawowa.

Ga ƙa'idar da ta dace a riƙe: cikakken magani sau ɗaya, sannan a sake gwaji. Idan jinin bai tsaya ba bayan mako biyu da gama magani, kada a shiga zagaye na uku da na huɗu na Flagyl. A wuce mataki na gaba. Mutum na iya ɗauke da amiba da kumburin hanji a lokaci guda.

Gargaɗi: kada a ba mai kashin jini firednisolon ko deksametason "a gani ko zai ji sauƙi" kafin a kawar da amiba. A kan atunin amiba waɗannan magunguna na sa gyambon ya zurfafa har hanji ya huje. Haka kuma kada a sha Imodium domin tsayar da kashin jini. Yana iya sa hanji ya tsaya cak ya kumbura.

Inda aka samu gwajin kalfurotektin na bayan gida, wani sinadari da ke ƙaruwa a kashi idan hanji ya kumbura, yana taimakawa. Ƙasa da 50 yana nuna da wuya a ce akwai kumburi; sama da 250 yana nuna kumburi mai aiki. Sai dai atuni da diklofenak ma suna ɗaga shi, don haka ba ya faɗin sunan ciwon. Wanda jini ke fita a fili kuma kuɗinsa kaɗan ne, gara ya tara su domin leƙen hanji.

4. Gwajin jini da hoton ƙirji

Cikakken ƙirgen jini, ba PCV (awon yawan jini) kaɗai ba, domin ana son ganin himogulobin (sinadarin da ke sa jini ja), fararen ƙwayoyi da ƙwayoyin daskarar da jini, waɗanda ke hawa idan akwai kumburi. Sai ESR da CRP, ma'aunan kumburi. Sai albumin, wani furotin na cikin jini, wanda faɗuwarsa alama ce ta tsanani. Gishirin jini da aikin ƙoda, musamman fotasiyam da gudawa ke zubarwa. Da gwajin hanta, domin hawan ALP na iya nuna ciwon hanyoyin ɗaci da ke rakiyar wannan cuta. A sani cewa wanda kumburinsa ya tsaya a dubura kawai na iya samun duk waɗannan lafiya lau. Kyawun sakamakon jini bai wanke hanji ba.

Uku kuma ana yinsu tun yanzu saboda maganin da ke gaba yana rage garkuwar jiki: gwajin ƙanjamau, gwajin ciwon hanta nau'in B, da hoton ƙirji tare da gwajin majina idan akwai tari. Tarin fuka yana kama hanji, yawanci inda ƙarami ya haɗu da babba a gefen dama, kuma yana ruɗa likitoci. Idan akwai zazzaɓi a duba maleriya, domin kada zafinta ya shiga lissafin tsananin ciwon hanji. Gwajin Widal kuwa ba ya raba gardama a nan. Yakan jawo a sake ɗora wa mutum maganin taifot na kwana goma ba gaira ba dalili.

5. Leƙen hanji da na'ura

Nan ne ciwon ke bayyana. Kolonoskofi bututu ne mai laushi da kyamara a bakinsa, ana shigar da shi ta dubura a bi babban hanji gaba ɗaya har a leƙa ƙarshen ƙaramin hanji. Sigmoidoskofi gajerensa ne, yana tsayawa a gefen hagu. A Sakkwato a nemi takardar turawa zuwa likitan ciki da hanji ko likitan tiyata, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Asibitin Ƙwararru, su ne za su faɗi inda za a yi da ranar.

Shi ne mafi tsada a jerin, kuma kuɗinsa kashi-kashi ne: na aikin kansa, na maganin wanke hanji, na allurar kwantar da jiki, da na binciken tsoka wanda ake biya daban a ɗakin gwaji. A tambaya tun farko, "Likita, kuɗin nan har da na duba tsokar?" Mutane kan kashe duk abin da suka zo da shi a kan aikin, sai robobin tsokar su kwana a aljihu. Mai inshorar lafiya ta tarayya ko ta jiha ya nemi lambar amincewa kafin ranar, ba bayan an gama ba.

Shiri:

Kwana bakwai kafin ranar, a daina ƙwayar ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe, domin tana baƙanta hanji ta manne. Mai ciwon sukari, mai shan maganin tsinka jini irin su warfarin ko kulofidogirel, mai ciwon ƙoda ko zuciya, da mai juna biyu, kowa ya faɗa wa likita tun ranar da aka ba shi lokaci.

Kwana uku kafin ranar, a bar zogale, rama, kuɓewa, wake, gyaɗa, riɗi, dabino, gwaba, kankana da tuwon da ba a surfe ba. 'Ya'yan kuɓewa da na gwaba suna toshe bututun. A ci farar shinkafa, taliya, farin burodi, ƙwai da kifi.

Jajibirin ranar, ruwa-ruwa mai haske kawai: ruwa, shayi ba madara, romon da aka tace, ruwan gishiri da sukari. Ban da fura da nono, ban da kunu, ban da zoɓo, domin jansa na kama da jini a kyamara. Maganin wanke hanji ana dama shi a ruwa lita biyu zuwa huɗu gwargwadon irinsa. Raba shi biyu ya fi wankewa: rabi da yamma, rabi da asuba, a gama aƙalla awa biyu kafin aikin. Alamar ya yi ita ce abin da ke fita ya koma ruwa garau mai ɗan rawaya. Idan har yanzu da gari-gari, a faɗa kafin a hau gado, domin hanji mai datti asarar kuɗi ne. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, a ƙara ruwan sha sosai, tsofaffi kuma kada a bar su su kaɗai a daren. Wannan shiri ba ya haɗuwa da azumi. A zo da ɗan rakiya, kuma ba tuƙa mota ko babur a ranar.

Gargaɗi: mai ciwo mai tsanani ba a ba shi maganin wanke hanji, ba a kuma yi masa cikakken kolonoskofi, saboda hanjin ya yi laushi yana iya hujewa. Gajeren leƙe ake yi, ba wanki, da iska kaɗan, a gutsuri tsoka a fito. Cikakken ya jira sai ciwon ya lafa.

Abin da likita ke gani a wannan ciwo: ja da kumburi tun daga dubura, jijiyoyin jinin da ake hangowa a lafiyayyen hanji sun ɓace, fatar na zubar da jini da an taɓa ta, sannan iyaka bayyananna inda lafiyayyen hanji ya fara. Gyambo ɗai-ɗai da lafiyayyar fata a tsakaninsu ya fi kama da amiba ko Kuron. Wanda ya riga ya fara cusa magani ta dubura ya faɗa, domin yakan sa duburar ta yi kyau a ido har a ɗauka Kuron ne.

6. Tsokar da aka gutsuro

Leƙe ba tare da gutsurar tsoka ba rabin aiki ne. Ƙa'ida ita ce aƙalla gutsure biyu daga wurare biyar, har da dubura da ƙarshen ƙaramin hanji, daga inda ya kumbura da inda yake kamar lafiya. Kowane wuri da robarsa da sunansa, cikin ruwan fomalin, mai hana tsoka lalacewa. Idan aka zuba duka a roba ɗaya, mai binciken ba zai iya cewa kumburin a jere yake ko tsallake-tsallake ba, alhali wannan ne ke raba shi da Kuron. Idan ana zargin tarin fuka, gutsure ɗaya ya tafi cikin ruwan gishiri na asibiti, domin fomalin na kashe ƙwayar ya hana shuka ta. A kan takardar rakiya a rubuta tsawon ciwon, magungunan da aka sha da sakamakon bayan gida.

Mai binciken yana neman alamun daɗewa: ramukan fatar hanji sun karkace sun yi rassa, wasu fararen ƙwayoyi sun taru a gindinsu, mugunya a cikin ramukan, da raguwar ƙwayoyin da ke yin majina. Atuni na ɗan lokaci yana kawo mugunyar amma ba ya karkata ramukan. Dunƙulen ƙwayoyin da ake kira giranuloma yana nuna Kuron ko tarin fuka ko tsargiya. A makonni biyun farko na ciwo alamun daɗewa ba su gama fitowa ba, don haka tsokar da aka ɗauka da wuri na iya dawowa da sakamako marar tabbas.

Idan takarda ta dawo da cewa kumburi ne kawai ba a fayyace irinsa ba, wannan ba sunan cuta ba ne. A koma wa likitan da ya yi leƙen ya haɗa ta da abin da idonsa ya gani. Akwai kuma waɗanda ko bayan an yi komai ba a iya raba musu tsakanin wannan ciwo da Kuron. Ana rubuta musu kumburin hanji da ba a tantance ba, a ci gaba da bibiya.

7. Sanya ciwon a matakinsa

Tambaya biyu ake amsawa: ina ya kai, kuma yaya ƙarfinsa yau. Tsarin da aka fi amfani da shi shi ne na Montiriyal, na shekarar 2005.

Nisa, bisa abin da kyamara ta gani:
E1: dubura kaɗai. Mai wannan na iya ma fama da taurin bayan gida, sai jini da majina da yunƙuri. A nan likita zai yi tambaya kan cututtukan saduwa, domin su ma suna kumbura dubura.
E2: gefen hagu, har zuwa lanƙwasar hanji da ke ƙarƙashin saifa.
E3: ya wuce wannan lanƙwasa, ko ya game babban hanji duka.

Ana riƙe mafi nisan da aka taɓa gani. Wanda aka taɓa samu da E3 yana nan a E3 ko da leƙe na gaba ya nuna ya ja baya. Kuma ciwon na iya hawa, mai E1 ya koma E2 bayan shekaru. Idan gajeren leƙe kawai aka yi kuma ba a ga ƙarshen kumburin ba, ba a san nisa ba tukuna, kada a rubuta E2. Yara suna da nasu tsarin, na Faris, mai matakai huɗu.

Ƙarfi:
S0: ciwon ya kwanta, ba alama.
S1: zagawa sau huɗu ko ƙasa a rana, da jini ko babu, jiki lafiya, ESR daidai.
S2: fiye da sau huɗu, amma jiki bai jigata ba.
S3: mai tsanani.

Ma'aunin tsanani da asibitoci ke aiki da shi a bakin gado shi ne na Truelove da Witts, likitocin Oksfod, tun 1955: kashin jini sau shida ko fiye a rana, tare da ko da ɗaya daga cikin waɗannan: bugun jini sama da 90 a minti, zafin jiki sama da digiri 37.8, himogulobin ƙasa da 10.5, ko ESR sama da 30. Ɗaya kawai ya isa. Ma'aikacin ƙaramin asibiti a Wurno ko Yabo na iya yin wannan lissafi da agogo da ma'aunin zafi da PCV, wanda kusan 31 ya yi daidai da himogulobin 10.5. Sai dai a lura, ƙarancin jini ya yi yawa a wurinmu saboda maleriya, tsutsar ciki da haihuwa, don haka wani zai faɗa cikin ma'aunin ta dalilin da ba na hanji ba. Duk da haka kwantar da shi a duba ya fi a sallame shi.

A takardar leƙe kuma za a ga makin Mayo daga 0 zuwa 3: 0 lafiya, 1 ɗan ja da raguwar jijiyoyi, 2 ja sosai, jijiyoyi sun ɓace, fata ta zazzage, 3 gyambo da jini na fita da kansa. Wannan lamba ce za a kwatanta da ta leƙe na gaba a ga ko magani na aiki, domin daina ganin jini ba ya nufin fatar ta warke.

Amfanin rabe-raben shi ne magani na bin sa. E1 mai sauƙi ana fara masa da mesalazin, maganin kwantar da kumburin hanji, na cusawa ta dubura, giram 1 a rana, wanda a wannan mataki ya fi ƙwayar sha aiki. E2 da E3 masu sauƙi ko matsakaici ana haɗa na sha, giram 2 zuwa sama a rana, da na ɗurawa ta dubura. S3 kuwa kwanciya ce: hoton ciki domin a ga ko hanji ya buɗe ya haura santimita 6, allurar haidirokotison, dangin firednisolon, ta jijiya, ƙarin ruwa da fotasiyam, allurar hana daskarewar jini duk da ana zubar da jini, da sanar da likitan tiyata tun ranar farko. A rana ta uku ana sake lissafi: idan zagawa ta haura takwas, ko tana tsakanin uku da takwas kuma CRP ya haura 45, allurar ba ta wadatar ba, sai a yi maganar magani na biyu ko tiyata ba tare da jan lokaci ba.

8. Takardun da za a fita da su

A karɓi kwafin rahoton leƙe, da hotuna in akwai, da rahoton tsoka, da sakamakon bayan gida da na jini. A ɗauke su a waya, a ajiye na takarda cikin leda. A roƙi likita ya rubuta layi ɗaya a katin: sunan ciwon, harafin E, harafin S, makin Mayo, da shekarar da alamun suka fara, ba shekarar da aka gano ba.

Daga wannan shekara ake ƙirga lokacin leƙen sa-ido. Masu E2 da E3 ana sake yi musu kolonoskofi bayan shekara takwas da fara ciwon ko da suna jin garau, saboda daɗewar kumburi na ƙara haɗarin dajin hanji, sannan a ci gaba duk shekara ɗaya zuwa biyar gwargwadon abin da aka gani. Wanda ke da ciwon hanyoyin ɗaci tare da shi, duk shekara ne tun daga ranar da aka gano. Mai E1 zalla haɗarinsa bai wuce na sauran mutane ba. Kuma duk lokacin da ciwon ya sake tashi, ana komawa mataki na uku a sake gwajin bayan gida kafin a ƙara maganin rage garkuwa, domin mai wannan ciwo ma yana kamuwa da atuni kamar kowa, musamman da damina.